Kula da Turakun Sadarwa a Talata Mafara da Kewayenta

A zamanin kamfanin tarho na NITEL, wanda aka kafa a 1985, kula da layin tarho aikin hannu ne, domin sai ma'aikaci ya bi waya ya gano inda ta tsinke. Bayan zuwan salular GSM a 2001, turakun da aka kakkafa a Talata Mafara, Bakura da Maradun na jihar Zamfara sun shiga ƙarƙashin tsarin sa ido, wato manhajojin da ke sanar da injiniyoyi daga nesa idan janareta ya mutu ko sabis ya ɗauke. A Satumbar 2021 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su katse sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, lamarin da ya jigata 'yan kasuwa matuƙa. Ko da yake manhaja tana maye gurbin na'urori da dama yanzu, kai man dizal turakun ƙauye har gobe sai an bi hanyoyi masu haɗari.