Daidaita Birkin Na'urar Fatsa da Zaɓen Sanda a Kamun Kifin Teku

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa ta Kamaru. A can cikin Mashigin Tekun Gini ana samun manyan kifaye irin su tuna da barakuda da malin, wato mai dogon baki kamar mashi. Waɗannan ba a kama su da fatsar gora irin wadda muka saba gani a bakin gulbi. Ana amfani da sanda mai ƙarfi wadda aka ɗaura wa na'urar naɗe zare, kuma a cikin na'urar akwai birki. A kan wannan birki za mu fi yin bayani, domin a nan ne akasarin masu koyo suke yin asarar kifi da kayan aiki.

Aikin birkin shi ne ya saki zare da ɗan ƙyar idan kifi ya fizga, ta yadda kifin zai yi ta gudu yana gajiya, zaren kuwa bai tsinke ba. Da wannan dabara ce aka kama malin mai nauyin kilo 636 a gaɓar Birazil a shekarar 1992, alhali ƙungiyar IGFA mai rajistar irin wannan bajinta ba ta karɓar zaren da ƙarfinsa ya wuce kilo 60.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ɗaure birki a kan kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na ƙarfin zaren. Zaren da ke tsinkewa a kilo 24, birkinsa kilo 6 ne zuwa 8. Mai kilo 37 kuwa, 9 zuwa 12. Ba a gane wannan da jan hannu, domin hannu yana ruɗi. A zura zaren ta cikin zobban sanda, a ɗaura bakinsa a sikelin rataye irin na mahauta, mutum ɗaya ya riƙe sanda a karkace kamar yana fama da kifi, ɗaya ya ja sikeli har zare ya fara fita, sannan a karanta.

Wani zai tambaya, me ya sa ake barin wannan rata mai yawa? Dalili na farko, ƙulli yana rage ƙarfin zare. Na biyu kuma, wanda mutane suka fi mantawa da shi: yayin da kifi yake gudu da zare, kaurin naɗin da ya rage a na'ura yana raguwa, ƙarfin birki kuma yana ƙaruwa da kansa. Idan faɗin naɗin ya koma rabi, birkin kilo 8 ya zama na kilo 16, ga kuma jan da ruwa yake yi wa dogon zare. Saboda haka idan kifi ya yi nisa, sassauta birki ake yi. Wanda ya firgita ya ƙara ɗaurewa a wannan lokaci, shi ne zai ji zare ya yi ɗas.

Game da sanda, a duba lambar da aka rubuta a jikinta, a haɗa ta da zaren da ya dace da lambar. Mai fama da babban kifi a tsaye cikin jirgi ya nemi gajera, mita 1.7 zuwa 1.8, domin doguwar sanda kifi take taimaka wa, ta karya ƙugun mai riƙe da ita. Doguwa ta fi amfani wajen jifa daga bakin gaɓa. Sandar filastik mai zaren gilashi tana da nauyi, amma tana jure wahala, ga araha. Ta kabon ba ta da nauyi, sai dai saurin karyewa idan ta bugu. A ganinmu mai farawa ya ɗauki ta farkon.

Ruwan gishiri yana cin ƙarfe. Bayan kowace fita a ɗauraye sanda da na'ura da ruwan daɗi, a bari su bushe, a sassauta birki gaba ɗaya kafin a ajiye, don kada fayafayan cikinsa su manne.

Masuntanmu da ke neman giwan ruwa a Tafkin Kainji ko Kogin Binuwai da irin wannan na'ura, lissafinsu ɗaya ne da na teku, tun da giwan ruwa kan haura kilo 100.