Tashar Lakehurst da Jiragen Balan-balan

A ƙasar Amurka, cikin jihar New Jersey, ba nisa da gaɓar Tekun Atlantika, akwai wata tasha ta mayaƙan ruwa ana kiranta Lakehurst. A zamanin Yaƙin Duniya na Farko wurin gwajin makamai ne. A 1921 mayaƙan ruwa suka karɓe shi, suka gina wata rumfa ta ƙarfe wadda tsawonta ya haura ƙafa 900, don ajiye jiragen balan-balan.

Irin wannan jirgi ba fukafukai ke ɗaga shi ba. Ana yin ƙwarangwal na ƙarfe marar nauyi, dogo kamar kifi, a lulluɓe da ƙyalle, a dura masa wata iska wadda ta fi wadda muke shaƙa rashin nauyi, sai ya tashi kamar yadda gora ke tasowa bisa ruwa. Iskar iri biyu ce. Akwai haidurojin, mai araha, amma da ta ji wuta sai ta kama. Akwai kuma hiliyam, wadda ba ta cin wuta, amma a lokacin Amurka ce ke da yawancinta, ta kuwa yi dokar hana sayar da ita waje.

Mutane suka zaci nan gaba a waɗannan jirage kowa zai riƙa ƙetare teku. Suna da hujja, gama a 1929 jirgin Jamus mai suna Graf Zeppelin ya tashi daga Lakehurst, ya kewaye duniya, ya komo cikin kwana 21.

Amma jiragen na da abokan gaba biyu, guguwa da wuta. Shenandoah, wanda aka harhaɗa a rumfar nan, hiliyam ke cikinsa, duk da haka a 1925 hadari ya karya shi a jihar Ohio, mutum 14 suka mutu. A 1933 wani mai suna Akron ya tashi daga tashar, guguwa ta jefa shi teku. Cikin mutum 76 uku kaɗai suka tsira.

Sai ran 6 ga Mayu, 1937, jirgin Jamus Hindenburg, mai tsawon ƙafa 804, ya iso da yamma ɗauke da mutum 97. Haidurojin ke cikinsa. An riga an jefo igiyoyi ƙasa don a ɗaure shi, sai wuta ta tashi ta wajen wutsiya, kafin minti guda ya zama ƙwarangwal. Mutum 35 na ciki suka mutu, da ma'aikaci ɗaya a ƙasa. Ka ga waɗanda suka mutu a Akron sun fi yawa, amma wancan cikin dare ya faɗi a teku, wannan kuwa gaban 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, duniya duk ta gani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga nan ɗaukar fasinja a irin waɗannan jirage ya ƙare.

Tashar ba ta mutu ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ƙananan jiragen balan-balan suka riƙa tashi daga nan suna rakiyar jiragen ruwa, suna gadinsu daga jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin teku. A 1962 na ƙarshensu ya sauka. Aikin tashar ya koma gwada na'urorin da ke harba jiragen sama daga bisa jirgin ruwa, da masu tare su in sun sauka. A 2009 aka haɗa ta da sansanonin soja biyu na maƙwabta. Tsohuwar rumfar tana nan tsaye, kowace shekara kuma ran 6 ga Mayu akan taru a filin don tunawa da waɗanda suka mutu.