Ciwon Ƙoda da Shimfiɗar Cikin Jijiyoyin Jini: Abin da Bincike Ya Gano

Gabatarwa

Ciwon ƙoda yana daga cikin cututtukan da ke cin dukiyar iyali kafin su ci rai. A wasu sassan Arewa, kamar yankin Gashuwa da Nguru da Haɗejiya, an daɗe ana kokawa da yawan masu fama da shi. Mun shirya wannan bayani domin jama'ar karkara da jami'an ƙananan hukumomi su san inda cutar take farawa, saboda yawanci takan shafe shekaru tana ɓarna a cikin ƙananan jijiyoyin jini tun kafin mutum ya ji wani ciwo.

Mece ce shimfiɗar jijiya?

Kowace jijiyar jini tana da wata siririyar shimfiɗa daga ciki, wadda likitoci ke kira endoteliyam. Kaurinta na ƙwayar halitta ɗaya ne tak, ido ba ya ganinta. A da an ɗauka aikinta bai wuce na daɓen da ake yi wa magudanar ruwa ba. A shekarar 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya nuna cewa idan aka kankare wannan shimfiɗa, jijiya ba ta saki yadda ya kamata. Zuwa 1987 an tabbatar cewa wata iska ce mai suna naitirik oksaid take fitarwa, wadda ke buɗe jijiya, tana kuma hana jini daskarewa. Wannan aiki ya sa aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad lambar yabo ta Nobel a 1998. A 1988 kuma masana a Japan suka gano wani sinadari mai tsuke jijiya da shimfiɗar ke fitarwa. Ke nan ita ce mai buɗewa, ita ce mai rufewa.

Alaƙarta da ƙoda

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, kowace matata kuwa dunƙulen jijiyoyin jini ne sirara. A kowace rana ƙodojin babban mutum suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari ba ya wuce lita ɗaya zuwa biyu. Shimfiɗar da ke cikin matatun tana da ƙananan huji kamar rariya, da wani lulluɓi mai santsi a kanta. Ita ce shingen farko da ke barin ruwa da datti su wuce, tana tare ƙwayoyin jini, tana kuma taimakawa wajen riƙe furotin. Idan ta lalace, furotin ya fara yoyo cikin fitsari. Wannan ce alamar farko da gwaji ke iya nunawa.

Yadda kumburi ke yin ɓarna

Kumburin da muke nufi a nan ba wanda ake gani a ƙafa ko fuska ba ne; martanin da jiki ke mayarwa ne idan ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga. Yana da amfani idan ya zo ya wuce. Amma idan hawan jini ko ciwon suga ko hayaƙin taba suka yi ta gurzar shimfiɗar jijiya, sai ta rage fitar da iskar nan mai buɗe hanya, ta zama mai danƙo, fararen ƙwayoyin jini su riƙa maƙalewa suna kutsawa cikin naman ƙoda. A hankali tabo ya maye gurbin matatu, matatar da ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Bugu da ƙari, ƙodar da ta yi rauni takan bar datti ya taru a jini. A 1992 masana a Landan sun nuna cewa a cikin dattin akwai sinadarin da ke hana jiki yin naitirik oksaid. Ta haka ciwon ke ciyar da kansa, ya kuma shafi jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa da yawa daga masu ciwon ƙoda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke halaka su tun kafin su kai ga wankin ƙoda.

Abubuwan da suka fi shafar mu

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a shimfiɗar jijiya, har ƙoda ta tsaya farat ɗaya, musamman ga yara. A jikin masu sikila, jinin da ke fashewa yana cinye iskar da ke buɗe jijiya. Hawan jinin masu juna biyu, wanda ke kai wa ga jijjiga, yana kumbura shimfiɗar matatun ƙoda. Akwai kuma gado: a 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barcin da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Binciken da aka wallafa a 2024 kan mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Gana ya tabbatar da haka a tsakaninmu.

Gwaji da magani

Ana cewa ciwon ƙoda ya zauna idan alamar lalacewa ta wuce wata uku. Gwaji uku ne ke tona shi da wuri: awon hawan jini, gwajin furotin a fitsari, da gwajin jini na aikin ƙoda. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan suna rage yoyon furotin. Manyan gwaje-gwaje na 2020 da 2022 sun nuna cewa dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda aka fara yi domin ciwon suga, suna jinkirta lalacewar ƙoda har ga marasa suga. Likita ne kaɗai zai rubuta su.

Kira ga jama'a da shugabanni

Muna kira ga duk mai hawan jini ko suga ko sikila, da wanda ciwon ƙoda ya taɓa danginsa, ya riƙa yin gwajin fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Manoma da masu aiki a rana su yawaita shan ruwa mai tsabta. A guji shan magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen barkatai, da haɗe-haɗen maganin da ba a san abin da ke ciki ba. Masu juna biyu su riƙa zuwa awo.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, muna jan hankali da a wadata cibiyoyin lafiya matakin farko da na'urar awon jini da tsinken gwajin fitsari, domin kuɗinsu bai kai na wankin ƙoda ba, wanda ake yi sau biyu ko uku a kowane mako. Hakimai da dagatai da limamai su tunatar da jama'a, musamman a Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda ake yi ranar Alhamis ta biyu a watan Maris. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.