Digiri na biyu a fannin farfaɗo da lafiyar jiki: Khartoum da Omdurman

Wannan fanni ya haɗa gashin ƙashi, ƙera ƙafafun roba, da koya wa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki tafiya da magana. A digiri na biyu na bincike, galibi shekara biyu, ɗalibi kan zaɓi matsala ɗaya, ya samu malami mai duba aikinsa da izinin kwamitin ɗa'a, ya tattara bayanan marasa lafiya, sannan ya kare kundinsa.

Kafin yaƙi, ana koyar da gashin ƙashi a Jami'ar Al-Neelain, kusa da kasuwar Suk al-Arabi, da Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman. Hukumar ƙera ƙafafun roba ta ƙasa, wadda ƙungiyar Red Cross ta duniya ke tallafa wa, tana Khartoum a lokacin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya rufe jami'o'in birnin, aka wawashe kasuwar. Sojoji sun ƙwato tsakiyar Khartoum a Maris 2025.

Yaƙin ya bar waɗanda aka yanke wa gaɓoɓi suna buƙatar kulawa ta shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 2.4 ne ke buƙatar irin wannan kulawa a duniya. Ga Hausawan Sudan da karatunsu ya katse, Jami'ar Bayero ta Kano tana ba da digiri na biyu a gashin ƙashi.