Tarihin Kulob ɗin Queen's Park na Glasgow

Queen's Park ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke kudancin birnin Glasgow a Scotland, kuma ita ce mafi tsufa a ƙasar. An kafa ta ranar 9 ga Yuli, 1867. Ta shafe shekara 152 ba ta biyan ɗan wasa albashi: mutum ya tashi daga aikinsa na ofis ko na shago, ya zo atisaye da yamma, ranar Asabar ya sa riga ya buga. Wannan aƙida ce ta ɗaukaka ta, ita ce kuma daga baya ta riƙe mata ƙafa.

Waɗanda suka kafa ta samari ne da ke motsa jiki a filin shaƙatawa na unguwarsu, kuma sunan filin suka raɗa wa kulob ɗin. Da farko abokan karawa ba su da yawa, sai su raba kansu gida biyu su kara da juna. Cikin wannan wasa na ya-mu-ya-mu suka goge a wani salo da ba a saba gani ba. A Ingila a lokacin, wanda ya samu ƙwallo sai ya sunkuyar da kai ya yi ta yanka, abokansa na biye da shi har a ƙwace. 'Yan Queen's Park kuwa sai su bazu a fili, wannan ya ba wancan, ƙwallo ta yi gudun da ƙafa ba za ta iya ba. Salon ya yi musu rana, domin ba a zura musu ƙwallo ko ɗaya ba sai a watan Janairun 1875, a wasansu da Vale of Leven.

A 1872 suka je Landan buga wasan kusa da na ƙarshe a Kofin FA na farko. Suka yi canjaras da Wanderers, babu ci, amma kuɗin da za su sake buga wasan ya gagara, dole suka janye. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar aka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko da aka amince da shi a hukumance, tsakanin Scotland da Ingila, a filin Hamilton Crescent. Duk 'yan wasan Scotland goma sha ɗaya mambobin Queen's Park ne. An tashi ba ci. Shuɗiyar rigar da suka sa ta kulob ɗin ce, ta kuma zame wa Scotland launinta har yau, shi kuwa kulob ɗin ya koma wa riga mai siraran layuka baƙi da fari.

Su ne suka jagoranci kafa hukumar ƙwallon Scotland a 1873, suka ɗauki kofin ƙasar na farko a 1874 bayan sun ci Clydesdale 2-0. Daga nan zuwa 1893 sun ɗaga shi sau goma, kuma har yanzu Celtic da Rangers ne kawai suka fi su. Sun kai wasan ƙarshe na Kofin FA na Ingila a 1884 da 1885, Blackburn Rovers ta doke su duka biyun.

Cikin gwarazan zamanin akwai Andrew Watson, ɗan baya da aka haifa a 1856 a Guyana, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Shi ake ɗauka baƙar fata na farko da ya buga wa wata ƙasa ƙwallo. A wasansa na farko, a 1881, shi ne kyaftin ɗin Scotland, suka lallasa Ingila 6-1 a Landan. Ya kuma riƙe sakataren kulob ɗin. Abin takaici ne yadda sunansa ya kusa ɓacewa na tsawon shekaru kafin masu bincike su tono labarinsa.

Sai kuɗi ya shigo harkar. Ingila ta halatta biyan 'yan wasa a 1885, kulob-kulob ɗinta suka riƙa zawarcin 'yan Scotland saboda iya fasin. Da aka kafa gasar lig ta Scotland a 1890, Queen's Park ta ƙi shiga, tana ganin hanya ce ta mayar da wasa kasuwa. Ba ta shiga ba sai 1900, da sharaɗin ba za ta biya kowa ba. Takenta, wanda aka rubuta da Latin, shi ne a yi wasa don son wasan. Tun daga nan duk yaron da ya haska, sai masu biya su ɗauke shi. Ta fara faɗuwa daga rukunin farko a 1922, ta dawo, ta yi ta hawa da sauka, har 1958 da ta yi sallama da shi.

Duk da haka, a wancan lokacin ita ce mai filin Hampden Park, wanda ta buɗe ranar 31 ga Oktoba, 1903. A nan mutum 149,415 suka kalli Scotland da Ingila a 1937, a nan kuma Real Madrid ta ci Eintracht Frankfurt 7-3 a wasan ƙarshe na Kofin Turai a 1960. A ranakun wasan Queen's Park kuwa, a shekarun da suka gabaci sayar da filin, 'yan kallo ɗaruruwa ne kawai ke zama a kusurwa ɗaya, kujeru dubbai a wofi, har ana jin muryar mai tsaron raga yana tsawata wa 'yan bayansa.

Renon yara ya zama babban aikinta. Alex Ferguson a nan ya fara, yana ɗan shekara 16, a 1958. Andy Robertson, bayan Celtic ta sallame shi, a nan ya samu mafaka. Ya buga kakar 2012 zuwa 2013 ba albashi, yana ɗan aikin amsa waya a Hampden don samun na kashewa. Shekara shida bayan haka ya ɗaga Kofin Zakarun Turai da Liverpool.

Abubuwa uku suka haɗu suka karya tsohuwar aƙidar. Ɗan wasan da ba shi da kwantiragi yana iya tafiya ba tare da kulob ya samu abin kirki ba, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An kuma buɗe ƙofar faɗuwa daga rukunin ƙarshe na lig, har tsofaffin ƙungiyoyi irin su Berwick Rangers suka fice. Sannan aka amince a sayar wa hukumar ƙwallon ƙasar da Hampden kan fam miliyan 5, kuɗin hayar da kulob ke dogaro da shi ya zo ƙarshe. A watan Nuwamban 2019 mambobi suka kaɗa ƙuri'a, kashi 91 cikin ɗari suka yarda a fara biyan albashi. Da wuya a ga laifinsu, ko da yake an yi rashin abin da ba za a sake samun irinsa ba.

Kulob ɗin ya lashe rukuni na huɗu a 2021, ya haye rukuni na biyu a 2022. Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, ya je Ibrox ya fitar da Rangers daga Kofin Scotland da ci 1-0, bayan golansa Calum Ferrie ya kaɗe fenareti ana dab da tashi.