Addu'a Kafin Yanke Shawara a Ikilisiyoyin Ƙasar Yawuri

A majami'un ƙasar Yawuri, daga Yelwa zuwa ƙauyukan Ngaski da Shanga, dattawan ikilisiya ba sa taɓa maganar baiko, ko ginin coci, ko tura mai bishara wani ƙauye, sai an sunkuyar da kai an yi addu'a. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin buɗe taro kawai. Tarihi kuwa ya nuna abin ya fi haka nauyi: addu'ar ce ta ba jama'ar da ba su da gidan sarauta hanyar naɗa shugaba, ita ce kuma linzamin da ke riƙe shugaban bayan an naɗa shi.

Bishara ta hauro kogin Kwara ne daga ƙasar Nufe. A 1905 A. W. Banfield, mutumin Kanada, ya kafa tashar mishan a Tsonga, aikin da daga baya aka sani da suna United Missionary Society. 'Yan mishan ɗin sun isa Salka cikin Kambari a 1923, suka isa Zuru a 1925, sannan suka zauna a Yelwa, suka kuma gina asibiti a Tungan Magajiya. Waɗanda suka karɓi saƙon yawancinsu manoma ne, Kambari da Dukawa da Dakarkari, kowa da yarensa, a ƙasar da sarauta da alƙalanci suke hannun Musulmi tun da daɗewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya ba su harshe guda na sujada, amma bai ba su gidan da za a ce shi ne ya gaji mulki ba. To, wa zai ja gaba, Bakambare ko Badukke? A nan ne littafin Ayyukan Manzanni ya zama musu tsarin mulki. A sura ta 6 an yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, sai jama'a suka zaɓi mutum bakwai da kansu, manzanni suka yi addu'a suka ɗibiya musu hannu. A sura ta 13 ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta sallami Barnaba da Shawulu. A sura ta 15 sai da aka yi doguwar muhawara a Urushalima kafin a tsai da magana. A duk wuraren nan uku babu inda mutum ɗaya ya shiga ɗaki ya fito da hukunci.

Mai suka zai ce 'yan mishan ma sun yi addu'a, amma shekara 50 cur suka yi riƙe da jaka da alƙalami kafin a kafa United Missionary Church of Africa, wato UMCA, a 1955. Wannan gaskiya ce, kuma jinkirin abin takaici ne. Sai dai a lura da abin da suka koyar da bakinsu: cewa Ruhu Mai Tsarki yana bi da kowane mai bi, ko ya yi boko ko bai yi ba. Wanda ya koya wa manomi haka ba zai iya ce masa har abada bai isa zama a majalisa ba. Koyarwar ce ta warware riƙon nasu, ko da sun so su ƙara daɗewa.

Suka ta biyu ta fi zafi, domin ta yau ce. Akwai shugaban da zai yanke shawararsa tun a gida, ya zo taro ya ce Ubangiji ya riga ya nuna masa, sai kowa ya yi tsit, don wa zai yi gardama da Allah? Wannan ba addu'a ba ce, fakewa ne da guzuma a harbi karsana. Alamar addu'ar gaskiya ita ce mai yin ta zai iya tashi da ra'ayin da ba shi ya durƙusa da shi ba. Idan fasto bai taɓa sauya magana ba bayan ya ji dattawa da Zumuntar Mata da matasa, to, ba nufin Allah yake nema ba, sa hannu yake nema.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin ɗacin hukuncin da aka yanke daga nesa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kimanin mutum 44,000 ne aka tasa daga gidajensu, Gungawa suka bar tsibiransu, tsohuwar Busa ta nutse, kuma ba masunta da manoman albasa ne suka zana taswirar ba. Jikokinsu da ke zaune a bencin coci bai kamata su sake gamuwa da irin wannan a cikin gidan Allah ba. Dattawa, in an ce amin, a buɗe littafin kuɗi a gaban jama'a, a kuma bar gwauruwar da ke zaune can baya ta faɗi tata kafin a ɗaga hannu.