Ruwan da Ba Ya Hana Mutuwa: Yadda Marubutan 1934 Suka Juya Tsofaffin Almara

Tun kafin zuwan boko, masu ƙissa a ƙasar Hausa sun san labarin Ainul Hayat, idon ruwan da ake cewa wanda ya sha ba zai mutu ba. A ƙissoshin da suka zo ta littattafan Larabci, Zulƙarnaini ya ratsa duhu yana nemansa bai dace ba, Halliru ne ya samu. Irin wannan labari na neman abin da ya gagari sarakuna shi ne jarin da marubutan farko na ƙagaggun labarai suka tarar a gida.

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafan da aka buga a 1934 akwai biyu daga gida ɗaya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, matashin malamin makarantar Midil ta Katsina mai shekara 22, da Ganɗoki na yayansa, Muhammadu Bello Kagara.

Imam ya ɗauko tafiyar neman ruwan al'ajabi, amma ya rage mata tsawo. Ruwansa magani ne na ɗan sarki marar lafiya, ba ya tsare kowa daga kabari. Kuma abin da ya fitar da jarumin littafin, Alhaji Imam, daga Kwantagora fushi ne: an kunyata malamin da ya rene shi a gaban fada don ya ambaci ruwan. Da zarar ya kama hanya, ruwan ya koma gefe, mutanen gari suka cika littafin: malaman tsibbu, alƙalai masu saurin hukunci, fadawa, da talakawan da ake yaudara da rawani.

A duba gasar ilimin da aka yi tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a wani gari na jahilai. Alhaji, wanda ya fake da malanta alhali bai da ita, ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa, ya ce a karanta. Zurƙe ya kira sunan harafi, kamar yadda duk mai karatu zai yi. Alhaji ya ce jinjirin wata ne. Jama'a suka leƙa, suka ga lalle kamarsa ce, suka kori mai ilimin. Wannan zambo ne mai zafi a ƙasar da malami ke da daraja ta ƙoli, kuma ɗan alƙali ne ya rubuta shi. Salon maƙamar Hariri, inda mai wayo ke yawo gari-gari yana ci da baki, a fili yake a nan.

Bello Kagara ya bi wata hanya. An haife shi a 1890, saboda haka da wayonsa Turawa suka ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ya jefa Ganɗoki cikin waɗannan yaƙe-yaƙe na gaskiya, jarumin da ke fita da ransa daga kowane gumurzu, mai kirari da cika baki. Bayan an rasa ƙasa sai labarin ya tsallaka gabas, zuwa duniyar aljanu, inda takobinsa ke ci ba mai hana shi. Nasarar da bindigar Bature ta hana a tarihi, almara ta biya ta. Da ya komo gida, zamani ya riga ya sauya, dole ya zauna da shi.

Hukumar 'yan mulkin mallaka ce ta buga littattafan biyu, don 'yan makaranta. Wannan ne ya sa dabarar ta fi ban sha'awa: a ƙarƙashin aljanu da ruwan tsafi, wan ya adana ɗacin faɗuwar 1901, ƙanen ya fallasa malaman ƙarya. Bello Kagara ya rasu a 1971 yana Walin Katsina, Imam a 1981, kuma har yau ana karanta Ruwan Bagaja a makarantun Arewa.